Filin Tambayoyinku: Figuerola ɗan Kyuba da zancen gudun miƙa sanda

Wasiƙu huɗu daga cikin waɗanda suka iso mini a wannan wata sun haɗu a kan ƙasa ɗaya, wato Kyuba, kuma dukkansu zancen gudu suke yi. Saboda haka na jingine tambayoyin ƙwallon ƙafa sai fitowa ta gaba. Shekara 26 na yi ina koyar da wasannin motsa jiki a makarantun sakandare, kuma a duk abin da na koyar babu wanda ya shiga raina irin gudun miƙa sanda. A yi mini haƙuri idan na ja zancen a wasu wuraren.

TAMBAYA, daga wani dattijo a Gusau: Malam, ina ɗan saurayi a 1964 muka ji a rediyo cewa wani Ba'amurke, Bob Hayes, ya ci tseren mita 100 a gasar Olamfik ta Tokyo. Na tuna an ce ɗan Kyuba ne ya zo na biyu, amma sunansa ya kwanta mini. Wane ne shi, kuma ina ya ƙare?

AMSA: Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Abin da ka riƙe daidai ne. Sunansa Enrique Figuerola, an haife shi a watan Yulin 1938 a Santiago de Cuba, can gabashin tsibirin. Mutanensa El Fígaro suke ce masa. Gajere ne, tsayinsa mita 1.67, idan ka tsayar da shi kusa da Hayes mai faɗin ƙirji sai ka ce wa da ƙanensa. Baiwar da Allah ya yi masa ita ce saurin tashi. Gajeren mutum ba ya ɓata lokaci wajen miƙewa, ƙafafunsa kuma suna taɓa ƙasa da sauri fiye da na dogo, don haka a mita 30 na farko da wuya ka gan shi a baya.

Ba a Tokyo ya fara ba. A gasar Olamfik ta birnin Rum a 1960, yana ɗan shekara 22, ya kai zagayen ƙarshe na mutum shida. Armin Hary na Jamus ya ɗauki zinare, Dave Sime na Amurka azurfa, Peter Radford na Birtaniya tagulla. Figuerola ya zo na huɗu. Agogon lantarki ya ba Radford sakan 10.42, shi kuma 10.44. Duk wanda ya taɓa yin tsere ya san babu matsayi mai ɗaci kamar na huɗu. Ka ga mutum uku sun hau dandamali an rataya musu lamba, kai kana gefe kana ɗaure jakarka, kuma tsakaninka da su ko ƙiftawar ido ba ta kai ba.

Bai karaya ba. Ya ci mita 100 a gasar ɗaliban jami'o'i ta duniya a Sofiya a 1961, ya sake ci a Porto Alegre ta Barazil a 1963, kuma a shekarar ce ya ɗauki zinaren gasar ƙasashen nahiyar Amurka a São Paulo. Saboda haka ya isa Tokyo a matsayin wanda ake shakka.

Ranar 15 ga Oktoban 1964 aka yi tseren da kuka ji a rediyo. A lokacin ba a fara shimfiɗa roba a filayen Olamfik ba, a kan daɓen ƙasa da garin gawayi ake gudu. Hayes ya faɗa layi na ɗaya, wanda masu gasar tafiyar sauri suka riga suka tattake, amma duk da haka ya tsere wa kowa da tazarar kusan mita biyu, ya yi sakan 10.0 a agogon hannu. Gaba da gabanta, a ranar babu mahaluƙin da zai kamo shi. Faɗan gaske a bayansa yake, tsakanin Figuerola da Harry Jerome na Kanada. Agogon lantarki ya ba Figuerola 10.25, Jerome 10.27. Ka duba ikon Allah, Baba. Kashi 2 cikin 100 na sakan da ya hana shi lamba a Rum, shi ne ya ba shi azurfa bayan shekara huɗu.

Wannan azurfa ita kaɗai Kyuba ta samu a Tokyo. Ita ce lambarta ta farko a guje-guje da tsalle-tsalle a tarihin Olamfik, kuma ta farko tun bayan juyin juya halin 1959. Rabon ƙasar da wata lamba tun 1948 a Landan, a tseren jirgin ruwa mai filafilai. A wannan gasa ta Tokyo ce Najeriya ma ta fara buɗe hannu, da tagullar ɗan dambe Nojim Maiyegun, wataƙila shi ya sa kuka kasa kunne a rediyo sosai a shekarar.

A 1966 aka yi gasar ƙasashen Amurka ta Tsakiya da Karibiyan a San Juan ta Puerto Rico, tsibirin da ke ƙarƙashin ikon Amurka. Siyasa ta shiga tsakani, aka yi ta ja-in-ja kan shigar 'yan Kyuba. Sai tawagar ta hau wani jirgin ruwa mai suna Cerro Pelado, suna atisaye a kan dandamalinsa teku na kaɗa su, daga baya aka kwashe su a ƙananan jirage zuwa gaɓa. Da ƙafafun da suka yi kwanaki a kan ruwa Figuerola ya ci mita 100. Har yau babbar cibiyar horar da 'yan wasa a Havana sunan jirgin nan take amsawa. Ranar 17 ga Yunin 1967 kuma, a Budapest ta Hangari, ya yi sakan 10.0, ya kamo bajintar duniya ta wancan zamani.

Sai Meziko, 1968. Ya cika shekara 30, wanda tsufa ne ga mai gajeren tsere. An fitar da shi a zagayen kusa da na ƙarshe na mita 100. Ƙanensa a tawaga, Pablo Montes, shi ya kai ƙarshe, ya zo na huɗu a tseren da Jim Hines ya yi sakan 9.95. Da a nan labarin Figuerola ya tsaya, da an ce ya zo ne kawai ya yi sallama.

Amma akwai gudun miƙa sanda na mutum huɗu, kowa mita 100. Hermes Ramírez ne ya tashi da sanda, ya miƙa wa Juan Morales, wanda asalin sana'arsa tsallake shinge ce, shi kuma ya miƙa wa Montes, Figuerola ya rufe. A ɗaya ɓangaren Amurka ta jera Charles Greene, Mel Pender, Ronnie Ray Smith da Hines. Uku daga cikinsu sun yi sakan 9.9 a agogon hannu a wata huɗu da suka gabata, uku kuma sun yi zagayen ƙarshe na mita 100 a nan Meziko. Ga Jamaika ma, wadda ta kafa bajintar duniya tun a zagayen share fage. A takarda Kyuba ba ta da abin faɗa. Duk da haka, ranar 20 ga Oktoba, lokacin da sanda ta shiga hannun Figuerola a kwanar ƙarshe, shi ne a gaban Hines. Mutumin da ya fi kowa gudu a duniya sai da ya yi da gaske kafin ya wuce ɗan shekara 30. Amurka ta yi 38.24, sabuwar bajintar duniya, Kyuba 38.40, Faransa 38.43. Jamaika ta tashi a tutar babu.

Ni a ganina wannan azurfa ta biyu ta fi ta Tokyo daraja. Ta Tokyo ƙafarsa ce ta ba shi. Ta Meziko kuwa ya same ta ne bayan ƙafar ta fara gajiya, da haɗin hannun yara uku da ya girme su da shekaru, waɗanda suka taso suna jin sunansa. Da tsohuwar zuma ake magani. Wannan ce Olamfik ɗinsa ta uku kuma ta ƙarshe.

TAMBAYA, daga wata malamar makarantar 'yan mata a Maraɗi: Malam, na ga an rubuta cewa 'yan Kyuba sun yi sakan 38.40 a 1968. Na raba gida huɗu na samu 9.60. Ta yaya kowannensu zai fi zakaran duniya gudu? Kuma ina da 'yan mata huɗu masu sauri, amma kullum wajen miƙa sanda suke faɗuwa. Me zan yi?

AMSA: Malama, lissafinki daidai ne, kuma a cikinsa amsar take. A cikin mutum huɗun nan, na farko ne kaɗai ke tashi daga durƙuso. Sauran ukun suna karɓar sanda ne bayan sun riga sun ɗauki wuta. Tashi daga durƙuso har mutum ya kai ƙarshen saurinsa yana cin kusan sakan guda, to sau uku ana tsallake wannan asara. Agogo ba ruwansa da mutum, sanda yake bi. Duk ƙungiyar da sandarta ba ta rage gudu ba a wuraren miƙawa uku, ita ce a gaba, ko da ɗaiɗaikun 'ya'yanta ba su kai na wasu ba. A nan Kyuba ta gina sunanta. 'Yan wasanta a sansani ɗaya suke zaune, koci ɗaya, suna maimaita miƙawar nan shekara da shekaru har kowa ya san sautin takun ɗan'uwansa. Amurka kuwa takan tara gwanayenta ne 'yan makonni kafin gasa, kowa da kocinsa. Shi ya sa a Rum a 1960 Amurkawa suka riga kowa isa amma aka soke su don sun miƙa sanda a wajen iyaka, a Beijing a 2008 kuma mazansu da matansu duka suka yar da sanda tun a share fage. Japan ta ɗauki azurfa a Rio a 2016 da sakan 37.60 alhali a lokacin babu ko ɗaya cikin huɗun da ya taɓa yin ƙasa da sakan 10.

Ga ƙa'idar a taƙaice. Sandar bututu ce mai rami, tsawonta santimita 28 zuwa 30, nauyinta kada ya gaza giram 50. Wurin miƙawa yanzu mita 30 ne. A zamanin su Figuerola mita 20 ne, da ƙarin mita 10 na ɗaukar wuta a bayansa. Alƙali inda sanda take yake dubawa, ba inda ƙafar yarinya take ba. Ta farko ta riƙe da dama ta bi gefen ciki na layinta, ta biyu ta karɓa da hagu tana gefen waje, ta uku da dama, ta huɗu da hagu. Haka sanda za ta bi tsakiyar layi, babu mai taka wata, babu mai sauya hannu a tsakiyar gudu.

Bari in gaya miki yadda nake yi da yarana, don ba mu da filin roba kuma ba mu da sandar kanti. Guntun fayif ɗin ruwa nake yankawa daidai tsawon ƙa'ida, in goge bakinsa da wuƙa kada ya yanki yaro. In zuba toka a ƙasa in ja iyakokin wurin miƙawa. Sai mai karɓa ya tsaya a farkon wurin, ya juya baya ya ƙirga tsawon ƙafarsa, dunduniya na taɓa yatsa, kamar 18 zuwa 20, ya ajiye ɗan tsumma ja da dutse a kai. Wannan tsumma shi ne malaminsa. Idonsa na kansa ta ƙarƙashin hammata. Da zarar ƙafar mai kawowa ta taka wurin, sai ya tashi da dukkan ƙarfinsa kamar ba ya jiran kowa. Ba zai miƙa hannu ba sai ya ji an ce "Hannu!" Idan mai kawowa ya ci karo da shi, a matsar da tsumman baya da ƙafa ɗaya. Idan ya tsere masa, a matso da shi. Haka za ku yi ta yi har ya zauna, sannan ki rubuta adadin kowace yarinya a littafinki, don na kowa daban ne.

Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya, amma a wannan gudu waiwaye asara ce. Ina da wani yaro da ya fi kowa sauri a shiyyarmu, shi nake sa wa ya rufe. A gasar makarantu muna gaba da kusan mita biyar, ya tashi daidai, sai zuciyarsa ta raya masa cewa abokinsa ba zai kamo shi ba. Ya juya kai. Kafaɗarsa ta karkace, tafin hannun ya kauce, fayif ɗin ya daki yatsunsa ya faɗi cikin ƙura. Har yau ina jin ƙarar faɗuwarsa. Yaron ya tsuguna a wurin yana kuka, abokin nasa na tsaye a kansa ya rasa abin cewa. Matsalarsa ba ta ƙafa ba ce, bai yarda da na bayansa ba ne. Tun daga ranar na daina sauya wa yara abokan miƙawa. Wanda ka fara da shi a farkon zango, da shi za ka ƙare shekara.

Game da yadda ake sa sandar, hanya biyu ce. Ko mai karɓa ta saki hannu ƙasa, babban yatsa a ware, a cusa mata daga ƙasa, ko ta ɗaga hannu baya tafin a buɗe, a ɗora mata daga sama. Ga masu koyo na fi son ta ƙasa, don jiki ba ya karkacewa. Aibinta ɗaya, sandar tana ƙarewa a hannu daga miƙawa zuwa miƙawa, don haka ki koya musu su cusa hannu cikin hannu sosai.

Ki kuma ba 'yan matanki labarin nan. A ranar da su Figuerola suka ɗauki azurfa, matan Kyuba ma sun ɗauki tasu: Marlene Elejarde, Fulgencia Romay, Violetta Quesada da Miguelina Cobián, da sakan 43.36, bayan Amurka, gaban Tarayyar Sobiyet. Ita ce lambar Olamfik ta farko da matan ƙasar suka taɓa samu. Cobián, 'yar Santiago ita ma, wadda suke wa kirari da barewar gabas, ta zo ta biyar a mita 100 a Tokyo. A Munich a 1972 Elejarde da Romay suka dawo tare da Carmen Valdés da Silvia Chivás suka ɗauki tagulla, kuma agogo ya sake nuna 43.36 cif. Chivás tana 'yar shekara 17 ta haɗa da tagullar mita 100, sa'ar manyan ɗalibanki ke nan. A wannan gasa ce ɗan dambenku Issaka Daboré ya kawo wa Nijar lambarta ta farko.

TAMBAYA, daga wasu abokai biyu a teburin mai shayi a Kaduna: Malam, ka raba mana gardama. Ɗayanmu ya ce a gudun miƙa sanda na maza a Olamfik ta Barcelona a 1992 Kyuba ce ta zo ta biyu Najeriya ta uku, ɗayan ya ce Najeriya ce ta biyu. Wanda ya faɗi zai sayi shayi da ƙwai na mako guda.

AMSA: 'Yan'uwa, wanda ya ce Najeriya ce ta biyu shi zai sha shayin. Amma kada a yi wa ɗayan dariya, don ido ma bai iya raba su ba a ranar.

Na kalli tseren nan ranar 8 ga Agustan 1992 a shagon wani mai gyaran rediyo a unguwarmu. Damina ce, an yi ruwa da la'asar, ƙasa na ƙamshi. Talabijin ɗin ƙarama ce mara kala, an jona ta da batirin mota, mun fi mutum 20 a tsaye, yara sun leƙo ta taga. Amurka ba ta cikin lissafinmu, don Carl Lewis na karɓar sanda ya ɓace, suka yi 37.40, bajintar duniya. Idonmu na kan Davidson Ezinwa. Oluyemi Kayode ya tashi, Chidi Imoh ya ɗauki miƙaƙƙen layi, Olapade Adeniken ya sha kwana, Ezinwa ya karɓa. Sai ga wani ɗan Kyuba manne da shi, sun shiga layin ƙarshe tare. Shagon ya yi tsit, ba ka jin komai sai ɗigar ruwa daga kwano. Da aka rubuto sakamako, Najeriya 37.98, Kyuba 38.00, wani tela da ke kusa da ni ya rungume ni alhali ko sunansa ban sani ba.

Kashi 2 cikin 100 ne kuma. A irin saurin da suke, wannan tazara ba ta kai tsawon sandar da ke hannunsu ba.

Daga baya na zauna na yi tunani, sai murnata ta gauraya da wani abu. Najeriya tana da mutum biyu a zagayen ƙarshe na mita 100 a gasar, Adeniken na shida, Ezinwa na takwas. Kyuba ba ta da ko ɗaya. Andrés Simón, Joel Lamela, Joel Isasi da Jorge Aguilera, a cikinsu Simón ne kaɗai duniya ta sani, saboda ya ci mita 60 a gasar duniya ta cikin ɗaki a Budapest a 1989, kuma shi ma gajere ne, ya fi Figuerola gajarta. Amma sun kusa cinye mu, sun kuma bar Birtaniya a ta huɗu da 38.08, alhali Linford Christie, wanda ya ɗauki zinaren mita 100 a makon da ya gabata, shi ya rufe mata. Da 'yan Najeriya na da hannun 'yan Kyuba a ranar, da tazarar da ke tsakaninsu da Amurka ba ta kai haka ba. Wannan ra'ayina ne, kuma ina kansa.

Wataƙila abin da ya ruɗa abokinku shi ne Kyuba ta ɗauki azurfa a wannan gasa, amma a gudun mutum huɗu na mita 400 kowanne, wanda Roberto Hernández ya rufe. Tagullar da yake tunawa kuma ta matan Najeriya ce, su Mary Onyali. Kayode bai daɗe ba bayan nan, ya rasu a haɗarin mota a Amurka a 1994, filin wasa na Ado-Ekiti sunansa yake ɗauke da shi.

Kyuba ta maimaita irin wannan a Sydney a 2000. José Ángel César, Luis Alberto Pérez-Rionda, Iván García da Freddy Mayola suka ɗauki tagulla da 38.04, bayan Amurka da Barazil, ba tare da ko ɗayansu ya yi zagayen ƙarshe na mita 100 ba.

TAMBAYA, daga wani ɗalibin jami'a a Kano: Malam, tun da na yi wayo Jamaika da Amurka kawai nake ji a gajeren tsere. Idan Kyuba ta taɓa yin suna haka, me ya same ta?

AMSA: Ɗana, abubuwa da yawa ne suka taru, wasu ƙaddara, wasu siyasa, wasu aljihu.

Fara da Silvio Leonard, ɗan Cienfuegos, wanda ya gaji Figuerola kuma ya fi shi sauri. Ranar 11 ga Agustan 1977 a Guadalajara ya yi sakan 9.98, ya zama mutum na biyu a duniya, bayan Hines, da agogon lantarki ya shaida ya sauka ƙasa da sakan 10. Ka lura da wannan bambanci. Agogon hannu, wanda mutum ke dannawa idan ya ga hayaƙin bindiga, yakan rage wa mai gudu kusan kashi 24 cikin 100 na sakan, shi ya sa daga 1977 aka daina karɓar sa a bajintar gajeren tsere. Leonard mutum ne da jarrabawa ta bi. A 1975 ya ci mita 100 a gasar nahiyar Amurka a birnin Meziko, gudun ya kwashe shi ya faɗa ramin da ya kewaye filin, ya ji rauni. A 1976 kwalbar turare ta fashe ta yanke shi a ƙafa ana gab da gasar Montreal, aka fitar da shi tun kafin zagayen kusa da na ƙarshe. A Mosko a 1980, da Amurkawa ba su je ba, kowa ya ce ranarsa ce. Yana layi na ɗaya, Allan Wells na Birtaniya na layi na takwas, faɗin fili duka a tsakaninsu, babu mai ganin wani. Dukansu 10.25. Hoto ya ba Wells, don ya fi shi tura ƙirji a kan layi. Har yau Kyuba ba ta taɓa cin zinaren mita 100 na Olamfik ba, azurfa biyu ce, ta Figuerola da ta Leonard.

Sannan gwamnatin Kyuba ta ƙaurace wa Los Angeles a 1984 da Seoul a 1988. Shekara 12 tsakanin Mosko da Barcelona. Mai gajeren tsere ƙuruciyarsa ba ta wuce shekara takwas ko goma, don haka akwai tsara guda da ta yi tashe ta tsufa ba ta taka filin Olamfik ba. Wannan yana ba ni takaici ƙwarai, domin waɗanda suka yanke hukuncin ba su ne suka yi shekaru suna tashi da asuba suna zagaya fili ba.

Tsarin da ya haifi waɗannan mutane kuwa na gwamnati ne tun daga tushe. An kafa hukumar wasanni ta ƙasa, INDER, a 1961, aka soke wasa don kuɗi a 1962, aka fara gasar 'yan makaranta ta ƙasa a 1963, aka buɗe makarantun kwana na wasanni a larduna, inda ake tsinto yaro tun yana ƙarami a haɗa masa karatu da horo. Da wannan ne ƙasar da yawan mutanenta bai kai na jihar Kano ta yau ba ta zo ta biyar a Barcelona da zinare 14. Amma irin wannan tsari kuɗi yake ci. Da Tarayyar Sobiyet ta rushe a 1991, tallafi ya yanke, filaye suka lalace, abinci da kayan aiki suka yi wuya. 'Yan wasa suka fara fita suna neman inda guminsu zai ciyar da iyalinsu. Libania Grenot ta koma Italiya ta ci mita 400 na Turai a 2014 da 2016. A Rio a 2016 Orlando Ortega ya ɗaukar wa Sifaniya azurfa a tsallake shinge, Yasmani Copello ya ɗaukar wa Turkiyya tagulla. A Paris a 2024, mutum ukun da suka hau dandamali a tsallen taku uku duk haifaffun Kyuba ne, Jordan Díaz, Pedro Pichardo da Andy Díaz, amma tutocin Sifaniya da Fotugal da Italiya aka ɗaga. Mu ma mun san wannan ciwo, Francis Obikwelu da rigar Fotugal ya ɗauki azurfar mita 100 a Athens a 2004. Ba na zargin ɗan wasan da ya tafi. Sai dai gudun miƙa sanda ya fi kowane wasa jin zafin irin wannan fita, don idan mutum ɗaya ya tafi, shekarun da sauran ukun suka yi suna koyon takunsa sun tafi tare da shi.

Duk da haka tushen bai mutu ba. Sakan 9.98 na Leonard ya yi shekara 42 kafin Roberto Skyers ya kamo shi a 2019, sannan a 2024 Shainer Reginfo ya yi 9.90 a Salamanca ta Sifaniya. A 2021 kuma matan Kyuba suka ci zinaren gudun mutum huɗu na mita 400 a gasar miƙa sanda ta duniya a Poland, Roxana Gómez ce ta rufe.

Tunda kana da waya a hannu, ka nemi hoton bidiyon tseren Meziko na 1968. Kowa Hines yake kallo a mita 100 na ƙarshe. Kai ka mayar da shi baya kaɗan zuwa kwanar ƙarshe, ka rage saurinsa, ka sa ido a kan hannun Montes da na Figuerola.